Yoyon ƙarfe ya lalace cikin kwana huɗu: mai shago zan riƙe ko kamfani?

Abban Sadiq, Yelwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan yoyo, abin wasan nan da ake jefawa da zare ya dawo hannu, da kuma waɗanda suka san doka. Yau kwana tara da na saya wa yarona, ɗan shekara 11, yoyo na ƙarfe a wani shagon kayan wasan yara da ke wajen kasuwar Wunti, naira 17,500, da kwalinsa da rasit. Na faɗa wa mai shagon cewa yaron bai taɓa riƙe na ƙarfe ba, na roba mai walƙiya kawai ya sani, ya ce ai wannan shi ne daidai da ɗan koyo.

Tun ranar farko, in aka jefa shi sai ya tsaya a ƙasa yana ta juyawa, duk fizgar da za a yi masa ba ya hawowa hannu. Ga shi yana karkarwa har ana ji a zare, da ƙara kamar fankar da notinta ya kwance. Yayansa ya ɗauki bidiyo a waya a ranar, don abin dariya ya ba su. A rana ta huɗu zare ya ƙulle a ciki, yaron ya kwance ɓarin biyu ya cire ƙullin, da ya zo mayarwa sai ɓari ɗaya ya ƙi ɗauruwa, juyawa kawai yake yi, ga ɗan garin ƙarfe fari a bakin ramin da sukurun tsakiya yake shiga.

Na koma shagon. Mai shi ya nuna mini rubutun ƙasan rasit cewa kayan da ya fita ba ya dawowa, ya ce shi sayarwa yake yi, ba shi ya ƙera ba, in nemi kamfanin a adireshin da ke bayan kwali. Adireshin kuwa na Chaina ne. Ya ƙara da cewa tunda yaro ya kwance, magana ta ƙare. To wannan aibin daga ƙira ne ko yaron ne ya ɓata? In daga ƙira ne, wa zan riƙe?

Mai Boris, Bakin Kura:

Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Magana uku ka zuba a buhu ɗaya, kuma in ka je masa da su a haɗe, mafi rauni zai kama ya kayar da kai da ita. Bari mu raba.

Rashin dawowa hannu ba aibi ba ne. Yoyo mai boris, wato ɗan zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke juyawa a tsakiyarsa, iri biyu ne. Akwai mai amsa fizga, wanda tsagar da ke tsakanin ɓarinsa siririya ce, da an ɗan ɗaga hannu zare zai taɓa zoben robar da ke kewaye da boris, robar ta cafke shi ya naɗe. Akwai kuma na ƙwararru, wanda da gangan aka faɗaɗa tsagarsa ta haura milimita 4, don zare ya shiga ninki biyu ko uku ba tare da ya kama ba. Wannan ko za a kwana ana fizga ba zai hawo ba, sai an ɗora shi a kan zaren an cusa masa lanƙwasar zare cikin tsagar ta cike gurbin, sannan robar ta kama. Yawancin na alminiyam da ke shigowa kasuwa irin na biyun ne. Don haka kada ka ce masa ya lalace don ba ya dawowa. Ka ce masa ya ba ɗan koyo abin da ba na ɗan koyo ba. Wannan wata magana ce daban, masu doka za su faɗi nauyinta.

Karkarwa ita ce ake bincike a kai, kuma a gida za ka iya. Abubuwan ciki ba su da yawa: ɓari biyu, boris ɗaya, zoben roba biyu, da sandar tsakiya, wadda sukuru ce marar kai, yawanci M4, wato kaurinta milimita 4. Ka cire sandar. In tana da ramin alanki a kai ka sa ƙaramin alanki, wato makullin sukuru mai kusurwa shida, in babu ka naɗe ta da tsumma kafin filaya ta taɓa ta, kada ka murƙushe haƙoranta. Ka ɗora ta a kan madubi ko gilashin tebur ka gangara ta da yatsa. Miƙaƙƙiya za ta tafi sumul. Lanƙwasasshiya za ka ga tana ɗan ɗingishi, haske yana leƙowa ta ƙarƙashinta. Daga nan boris: ka sa shi a bakin fensir ka kaɗa da yatsa. In ya juya na wasu daƙiƙu ba tare da gurzawa ba, lafiyarsa lau. In yana ƙaras-ƙaras ko ya tsaya nan take, ƙura ce ko gashin zare, kuma ƙurar hunturun nan ta Bauchi ba ta jiran sati kafin ta shiga. Ƙarar da ka ji tana iya zama daga nan kawai, don busasshen boris yana ƙara ko da sabo ne.

Sai ka duba kujerar boris, wato ɗan tudun da ke tsakiyar kowane ɓari inda boris yake zama. Boris ɗin da ake kira C ramin cikinsa milimita 6.35 ne, faɗinsa na waje 12.7. Tudun ya kamata ya shige shi cif. In ya yi masa yawa yana lilo, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ko akwai ɓurɓushin ƙarfe da injin yanka ya bari, wannan daga masana'anta ne, ba hannun yaro ba. Ka kuma haska bakin ɓarin biyu da tocila. Yoyon da ya daki siminti da ƙarfin da zai lanƙwasa sanda sai ya bar tabo a baki, fenti ya ɗaye, ƙarfe ya fito fari. In baki sumul yake amma sanda a lanƙwashe, da wuya a ɗora wa yaron.

Magana ta uku ce mai sarƙaƙiya. Garin ƙarfen da ka gani haƙoran ramin ne suka cinye. Sandar ƙarfe ce mai tauri, jikin kuma alminiyam ne mai laushi, duk rigimar da za a yi tsakaninsu alminiyam ne zai sha kashi. Hanyoyi uku ke kawo haka. Ko an ɗaura a karkace aka ci gaba da murɗawa da ƙarfi, ko an matse fiye da kima, ko kuma sandar ba ta kama haƙora isassu ba tun farko. Tsakanin haƙori da haƙori a M4 milimita 0.7 ne, sanda mai tsawon milimita 8 tana da haƙora kamar goma sha ɗaya, ya kamata kowane ɓari ya samu kamar biyar. In ta zurma cikin ɓari ɗaya, ɗayan ya tsira da biyu, ko babba ne ya ɗaura sai sun tafi.

Ga abin da nake zargi, ka duba mini kwalin. Akwai samfuran da ake sayarwa da boris biyu, siriri na koyo mai kauri kamar milimita 3.2 da mai faɗi mai kusan 4.8, kowanne da sandarsa, gajeruwa da doguwa. In aka sa mai faɗi aka bar gajeruwar sanda, ɓarin biyu sun ƙara nisa da milimita ɗaya da rabi, an yi asarar haƙora biyu ko fiye. Irin wannan yakan yi karkarwa tun ranar farko, ya kuma kwance a ɗauri na biyu ko na uku.

Batun cewa yaro ya kwance kuwa, yoyo mai boris don a kwance shi aka ƙera shi. Da haka ake fitar da ƙulli, a wanke boris, a sauya roba. Kamar a ce garantin tocila ya faɗi don an buɗe ta an sa batir. Amma kada ka sa sufa gulu, kada ka kai wa mai walda, kada ka zuba masa mai ko fetur kafin a gama maganar. Ka bar shi yadda yake, har garin ƙarfen ka tattara a leda.

Barista, Fadaman Mada:

Abban Sadiq, a taƙaice mai shagon za ka riƙe. Shi ya karɓi kuɗinka, da shi kuka ƙulla ciniki, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kai da kamfanin Chaina babu ciniki a tsakaninku.

Dokar da ta shafi maganar ita ce dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar hukumar CPC. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci, mai aiki, marar aibi, wanda zai yi ƙarko na lokacin da hankali zai ɗauka ga irinsa. Sashe na 132 ya ce wannan garanti ne da ke cikin kowane ciniki ko ba a rubuta ba, kuma cikin wata uku da karɓar kaya mai saye yana iya mayar da shi ga wanda ya sayar masa ba tare da tara ba, shi kuma ya gyara, ko ya sauya, ko ya mayar da kuɗi. Kai kwana tara kake. Ka lura da kalmomin ukun nan. In ya ce zai ba ka sabo mai lafiya, ya fita haƙƙinka, ba lallai sai tsabar kuɗi ba.

Rubutun ƙasan rasit ba ya shafe wannan. Dokar ta hana a sa wa mai saye sharaɗin da zai sarayar masa da haƙƙin da ita ta ba shi, kuma hukumar ta sha nanata cewa tsarin "ba a mayar da kuɗi" ya saɓa wa doka. Inda rubutun yake da amfani shi ne wanda ya sayi kaya mai lafiya ya je gida ya sake shawara. Wannan sai dai alfarma.

Maganar rashin dawowa hannu da Malam Mai Boris ya ware, sashe na 122 ne gidanta. In ka bayyana wa mai sayarwa buƙatar da kake son kayan ya biya, ya ba ka, sannan cikin ɗan lokaci ya bayyana bai dace da ita ba, kana iya mayarwa a ba ka kuɗinka ko da kayan lafiyarsa ƙalau. Wahalarta ita ce a baki kuka yi maganar. In akwai wanda ya raka ka ya ji, ka riƙe shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sashe na 145: idan aka yi zargin kaya yana da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar. Wato ba kai za ka tabbatar da cewa yaro bai ɓata ba, shi zai nuna cewa lafiya ya ba ka. Duk da haka kada ka kwanta a kan wannan. Bidiyon ranar farko shi ne ƙashin bayan maganarka, don ya nuna karkarwar ta riga kwancewar. Kada a tura shi ta WhatsApp a goge na asali, na cikin wayar da ya ɗauka shi ke ɗauke da rana da lokaci.

To ina kamfani yake shigowa? Wuri biyu. Na farko in ya ba da garantinsa a rubuce. Wannan ƙari ne a kan haƙƙinka, zaɓi ne gare ka, ba ƙofar da mai shago zai tura ka ya rufe tasa ba. Na biyu in kayan ya yi ɓarna. A ce ɓarin ya fizge yana tsakiyar juyi ya fasa wa yaro haƙori ko ya samu wani a ido, gram sittin da wani abu na ƙarfe ba wasa ba ne. A nan ana iya bin wanda ya ƙera ko da ba a yi ciniki da shi ba. Asalin ƙa'idar shari'ar Donoghue da Stevenson ce ta 1932 a Birtaniya, matar da ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemon da wani ne ma ya saya mata, kuma kotunan Najeriya suna aiki da ita. Sashe na 136 na dokarmu ma ya ba wanda kaya mai aibi ya cutar damar ƙara ko da ba shi ya saya ba. Alhamdu lillahi naka bai kai nan ba, asarar kuɗin kaya ce kawai, ita kuwa a kan mai sayarwa take.

Ka koma da kwali, rasit da bidiyo. In ya ƙi, ka tura masa saƙo a rubuce mai ɗauke da ranar saye, kuɗi, aibin da abin da kake nema, ka ba shi mako guda. In ya yi shiru, ka kai ƙorafi FCCPC ta shafinsu na intanet ko ofishinsu na shiyyar arewa maso gabas da ke nan Bauchi. Kotu tana nan, amma a kan 17,500 kuɗin zirga-zirga sai ya ci uwar kuɗin.

Abban Sadiq, Yelwa:

Allah ya saka da alheri. Malam Mai Boris, na yi yadda ka ce. Sandar ba ta ɗingishi a kan madubi, bakin yoyon kuma babu tabo ko ɗaya. Na auna ta da rula, milimita 8. Amma a bayan kwalin akwai hoton abubuwan da ya kamata a samu a ciki: zare uku, safar hannu, boris biyu, sanda biyu, da wani ɗan ƙarfe na cire boris. Ni zare uku da safa kawai na tarar. Boris ɗin da ke ciki mai faɗin ne. Na kuma tuna kwalin ba a liƙe yake ba, daga cikin gilashin nuni ya ɗauko mini shi. Yanzu wannan laifin kamfani ne ko na shago?

Ɗan Sari, Babbar Kasuwa:

Yallabai Barista ya faɗi doka, ni bari in faɗi yadda kaya ke tafiya, don Abban Sadiq ya san inda zai taɓa.

Irin wannan kaya hannu huɗu ko biyar yake bi kafin ya iso Wunti. Masana'anta a kudancin Chaina, kamar Shantou da ta shahara da kayan wasan yara, sai dillali a Yiwu ko Guangzhou, sai mai shigowa da shi Legas, sai dila a Kano, sai mai shago a nan. Mai shagon bai san kamfanin ba, kamfanin bai san da shi a duniya ba. Adireshin bayan kwali wani lokaci ma na mai buga kwalin ne. In aka yi sa'a na gaske ne suka amsa, hoto za su nema, sannan su ce ka koma inda ka saya. Kuɗin aika abin can kuwa ya fi kuɗinsa. Shi ma ya san haka, korar ka kawai ya yi cikin ladabi.

Amma a yi masa adalci ta wani gefen. A ce ribarsa a kan guda dubu uku ce. In ya mayar maka da 17,500 dila kuma ya ƙi karɓa, ribar guda biyar ta tafi. Shi ya sa suke tsoron mayarwa. Dila yakan karɓi kaya mai aibi in ya dawo da wuri, a kwalinsa, da komai nasa cikakke, ya cire kuɗin a sari na gaba. To ga inda gizo ke saƙa: naka ba cikakke ba ne, kuma ba a hannunka ya ragu ba. Kayan nuni kowa taɓawa yake yi. Yaron shago ya ga bidiyon masu wasa a waya, ya sa boris mai faɗi ya gwada, ya jefa ƙaramar ledar sauran kayan a durowa ya manta. In haka ne, dila ba zai karɓa ba, kamfani kuma ba ruwansa, abin a cikin shago ya faru. Ba na rantsuwa a kai, don akan samu kwalin da ya taho a haka tun daga can, amma buɗaɗɗen kwali daga gilashin nuni ya fi nuna gida.

Ka nemi mai shagon da kansa, ba yaronsa ba, yaro ba shi da ikon mayar da ko sisi. Kada ka je da sassafe kafin ya yi cinikin fari, kada kuma ka yi maganar a gaban masu saye, in ka kunyata shi zai kafe ko da ya san gaskiya. Ka ce ya buɗe wani kwalin irinsa liƙaƙƙe a gabanka a ƙirga abin da ke ciki. Gani ya kori ji. Ka fara da neman canji, ya fi masa sauƙi a kan fitar da kuɗi daga aljihu. In ya ƙi, shugaban layi ko ƙungiyar 'yan kasuwar wurin sun fi takardar hukuma saurin aiki, don ba mai son a zauna a kansa saboda kayan wasan yara.

Malam Na Gwallaga:

Bari in ƙara ta fuskar fiƙihu, don akwai ɗan kasuwar da ambaton sashe kaza ba ya motsa shi amma wannan tana motsa shi.

Malamai suna kiran babin nan zaɓin aibi. Wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da ke rage masa daraja, wanda bai gani ba lokacin ciniki, yana da zaɓi: ya riƙe a haka, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Kuma ga wanda ya sayar masa zai mayar, shi kuma ya bi wanda ya sayar masa, haka har a kai tushe. Ba a ce wa mai saye ya tsallake ya je ya nemi maƙeri. Hadisin tarin abincin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa hannu ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi, yana cikin Sahihu Muslim, kowa ya san shi.

Mas'alar Abban Sadiq tana da ƙari, don wani aibin ya faru a hannunsa bayan tsohon. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an kawo hukuncin: in sabon aibi mai ɓatawa ya shiga a wurin mai saye, ko dai ya riƙe kayan a mayar masa da gwargwadon abin da tsohon aibin ya rage na kuɗi, ko ya mayar da kayan ya biya gwargwadon abin da sabon ya rage. Wannan in sabon aibin daban yake da tsohon. In kuwa tsohon ne ya haifi sabon, kamar yadda bayanin gajeruwar sanda ke nunawa, kuma mai sayarwa ya san an taɓa kayan ya yi shiru, to babu abin da za a cire wa mai saye. In bai sani ba, ba shi da zunubin ɓoyewa, amma rashin saninsa ba ya kawar da haƙƙin mayarwa.

Sharaɗin "ba ruwana da duk aibin da ya fito" a dunƙule, mashhurin mazhabar Malikiyya shi ne ba ya amfanar mai sayarwa a irin wannan kaya. Sai dai in ya nuna aibin da yatsa ya ce ga shi, mai saye ya yarda. A nan ne ake cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: ci gaba da amfani da kaya bayan an ga aibi ana ɗaukarsa yarda. Kwana ukun da yaron ya yi yana wasa da shi yana karkarwa, uzurinka shi ne ba ku san karkarwar aibi ba ce sai da masana suka faɗa. Yanzu da ka sani, kada ka ƙara jinkiri.

Barista, Fadaman Mada:

Alhaji Ɗan Sari, na yarda da shawarar bin shugaban layi, ta fi sauri. Amma ƙin karɓar dila ba ya rage wa Abban Sadiq komai, wannan tsakanin mai shago ne da dilansa. Bayanin kwalin ma ya ƙara masa ƙarfi, don an sayar masa da abin da bai cika yadda aka siffanta a jikinsa ba, a farashin cikakke. Ya ɗauki hoton bayan kwalin tare da abin da ya tarar a ciki kafin ya miƙa, kuma in zai bar kayan a shago a rubuta masa a bayan rasit cewa an karɓa, da kwanan wata.

Mai Boris, Bakin Kura:

Milimita 8 da boris mai faɗi a samfurin da ke zuwa da sanda biyu, zargina ya ƙara ƙarfi. Ka leƙa ramin da ya cinye da tocila. In haƙora biyu ko uku na baki ne kawai suka tafi, na can ciki suna nan da kaifinsu, sandar ba ta taɓa isa gare su ba ke nan. Wanda aka murɗa a karkace da ƙarfi daban yake, za ka ga bakin ramin ya buɗe ta gefe ɗaya. Wannan ka nuna wa mai shagon da idonsa.

Hakan kuma yana nufin yoyon bai mutu ba. In sulhun da aka cimma shi ne ya nemo maka ledar da ta ɓata ya rage maka wani abu, doguwar sandar za ta wuce wurin da ya cinye ta kama haƙoran ciki. Sai dai karkarwar ba lallai ta tafi duka ba, don haka canji ya fi.

In ya ba ka sabo, a buɗe shi a shagon. A ƙirga kayan ciki, a tabbatar siririn boris ne a kai tunda ɗan koyo ne, a jefa shi da ƙarfi, yana juyawa ka ɗora farce a hankali a kan bakinsa. Mai lafiya za ka ji shi kamar gilashi, mai aibi zai riƙa dukan farcen. A gida kuma ka koya wa yaron ɗauri: ya fara sa sandar a ɓari ɗaya da yatsa har rabinta, ya ɗora ɗaya ɓarin a miƙe, ya juya baya kaɗan har ya ji ɗan ƙas alamar haƙori ya hau haƙori, sannan ya juya gaba. In ya ji tauri tun juyi na farko ko na biyu ya tsaya ya sake, kada ya tilasta. Da ɓarin biyu sun haɗu sun tsaya, shi ke nan, ba a ƙara masa ƙarfi. Zaren kuma a yanke shi daidai cibiyar yaron in yoyon yana ƙasa, don dogon zare ne ke sa ya daki siminti, kuma tabo ɗaya a baki ya isa mai shago ya ce faɗuwa ya yi.